Ciwon Shawara: Kwana tara da na yi a bakin ƙofar ɗakin kulawa ta musamman

Waɗanda data ba ta bari suka saurari shirin wannan makon ba, ga shi a rubuce kamar yadda muka saba.

Na san na yi muku alƙawarin za mu ci gaba da maganar matasa da neman aiki. Ku yi haƙuri, na ɗaga ta zuwa mako mai zuwa. Wasu ɗalibai masu karatun jinya ne suka yi ta turo min saƙo cewa tunda na taɓa ambaton rashin lafiyar yayana a wani shiri, in zauna in ba da labarin gaba ɗaya. Na daɗe ina kauce wa maganar, za ku ji dalili can gaba. Yau dai a kan shawara za mu yi. Ba wadda ake nema wajen manya ba, waccan da ke mayar da ido ruwan ɗorawa.

Tun farko in faɗa, ni ba likita ba ne, ba nas ba ne. Kimiyyar sinadaran jiki na karanta a jami'a, kuma wallahi sai da aka kwantar da ɗan'uwana sannan abin da na haddace don cin jarrabawa ya zama gaskiya a idona.

Bara da damina yayana ya fara zazzaɓi. Ɗan kasuwa ne, irin mutanen nan da ba sa yarda su kwanta. Ya je kemis, aka ce taifot da maleriya, aka ƙulla masa haɗi a leda. Bayan haka yana shan farasitamol bibbiyu duk sanda jiki ya yi zafi, ga maganin mura, ga na ciwon jiki. Abin da bai sani ba, mu ma ba mu lura ba, na murar da na ciwon jikin duk akwai farasitamol a cikinsu. Babban mutum mai lafiya ba a so ya wuce giram 4 a awa 24, wato ƙwaya 8 ta miligiram 500. Wanda ba ya cin abinci ko hantarsa ke da matsala, nasa bai ma kai haka ba. Shi kuwa ya fi mako yana wuce wannan iyaka, cikinsa babu komai sai shayi.

'Yarsa mai shekara biyar ce ta fara gani. Ta ce, "Abba, me ya sa idonka ya koma kamar gwaiduwar ƙwai?" Aka yi dariya. Da aka fito da shi tsakar gida aka duba, dariya ta tsaya.

To daga nan fa sai shawarwari. Kakarmu takan yi barkwanci ta ce ai shi ya sa ake ce mata shawara, don duk wanda ya shigo gaisuwa da tasa yake zuwa. Wannan ya ce saiwar rawaya, wannan ya ce ganyen gwanda, wani ya ce rake kawai zai yi ta sha. Aka kawo jiƙo a gorar ruwa har kala uku, babu wanda ya san abin da ke cikin biyu daga ciki. Kuma kowa ya haɗu a kan magana ɗaya: kada a kai shi asibiti, mai shawara ba a yi masa allura, in aka yi mutuwa zai yi. Ni da digirina ina tsaye, ban ce uffan ba. Har yau abin yana ci na. Na ga manya sun yi magana, na ce bari dai a gwada kwana biyu.

Kwana huɗu aka yi. Ya koma barci da rana, da dare ido biyu. Sai ya fara kiran matarsa da sunan gwaggonmu da ta rasu tun muna yara, ya tashi zai fita kasuwa ƙarfe biyun dare. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce an yi masa hannu. Ni da wani maƙwabcinmu muka sa shi a mota da asuba, Umma tana kuka tana cewa mu bari gari ya waye. Ba mu yi awa uku a asibiti ba aka wuce da shi ɗakin kulawa ta musamman.

Wanda bai taɓa zama a bakin wannan ƙofa ba ba zai gane ba. Ba ka shiga sai an kira ka. Kana zaune a benci, ka ji na'ura na ƙara a ciki, ba ka san ta naka ce ko ta wani ba. A nan na haɗu da wata nas mai aikin dare, babbar mace, ta kusa sa'ar Umma. Daren farko ta fito ta same ni ta ce, "Ƙanena, kai ne mai karatu a gidan? Je ka kawo min duk abin da ya sha. Duk. Kwalin magani, leda, gora, ko ƙullin gari ne. Kada ka ji kunya, ba faɗa zan yi ba." Na kawo cike da baƙar leda. Ta zazzage a tebur, ta ware guda uku ta ce in karanta abin da aka rubuta a jikinsu. A nan na ga farasitamol sau uku. Ta kai wa likita, cikin daren aka ɗaura masa maganin da ke karya dafinsa ta ƙarin ruwa.

Ita ce ta fara ce min, "Shawara ba cuta ba ce, alama ce. In ka ce mutum yana da shawara kamar ka ce gida yana hayaƙi ne. Saura ka gano me ke ci."

Bari in yi muku bayanin yadda na fahimta. Jajayen ƙwayoyin jininmu kwana kamar 120 suke yi su tsufa, saifa ta farfasa su. Daga abin da ya farfashe ake samun wani sinadari mai launin ɗorawa, sunansa bilirubin. Jini ya kai shi hanta, hanta ta sarrafa shi, ta zuba shi cikin ruwan ɗaci, ya bi ta 'yan bututu da matsarmama ya sauka hanji. Shi ne ma yake ba bayan gida launinsa. A jinin mai lafiya bai cika wuce miligiram 1.2 a kowace desilita ba. In ya kai wajen 3, ido ya fara nunawa.

Ku ɗauki unguwarku da damina. Ruwa yana kwanciya a layi ne ko don ruwan ya yi yawa ya fi ƙarfin kwata, ko don kwatar ta rushe, ko don can gaba an toshe ta da leda. Haka abin yake. Ko jini ne ke farfashewa da yawa har hanta ta kasa kwashewa, ko hantar ce ba lafiya, ko hanyar fita ce ta toshe.

Na farkon mu ne masu shi a ƙasar nan. Maleriya mai tsanani tana fasa ƙwayoyin jini. Mai sikila nasa ƙwayoyin kwana 10 zuwa 20 suke yi maimakon 120, shi ya sa za ka ga idon wasunsu kullum da ɗan launi. Akwai kuma wani gado da ake ce wa ƙarancin G6PD, ya fi kama maza, kuma yana da yawa a Afirka ta Yamma. Mutum lafiyarsa ƙalau, sai ya sha wani magani ko ya shaƙi kafur, jininsa ya hau fashewa, fitsari ya koma baƙi. Irin waɗannan za ka ga tafin hannu da cikin fatar ido sun yi fari fat saboda jini ya yi ƙasa.

Na toshewa kuma yana da nasa alamun da ko a gida za a iya lura. Fitsari kamar shayin da ba madara, bayan gida ya koɗe ya yi fari-fari kamar farar ƙasa, ga ƙaiƙayin jiki da ke hana barci. Tsakuwa ce a matsarmama ta gangaro ta tsaya a bututu, ko wani ƙari ne ya danne hanyar. In aka haɗa shawara da zazzaɓi mai sa karkarwa da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, wannan ba na jira zuwa gobe ba ne. Dattijo kuma da ya yi shawara ba ciwo, yana ta ramewa, a yi masa hoton ciki da wuri. Babu jiƙon da zai buɗe bututun da tsakuwa ta toshe.

Na tsakiyar, wato hantar kanta, a nan yayana ya faɗa, kuma a nan abubuwa suka fi yawa. Akwai ƙwayoyin cutar hanta nau'in A, B, C, D da E. A da E ta gurɓataccen ruwa da abinci suke zuwa. Mutanen Diffa a Nijar da na Ngala a Borno sun ga nau'in E a 2017, lokacin da ta ɓarke a wuraren 'yan gudun hijira, kuma mata masu ciki ta fi kashewa. Akwai zazzaɓin shawara da sauro ke yaɗawa, wanda ya sake ɓullowa a Najeriya a 2017 daga jihar Kwara, ya kuma kashe mutane a yankin Alkaleri ta jihar Bauchi a 2019, alhali allurar rigakafinsa guda ɗaya ce tak ta isa har ƙarshen rayuwa. Akwai giya. Akwai magunguna, har da na tarin fuka, shi ya sa ake cewa mai shan su in ya ga idonsa ya sauya ya koma asibiti a ranar. Ga jiƙe-jiƙen da ba a san awonsu ba. Ba ina zagin maganin gargajiya ba ne, ni ma da shi aka raine ni. Amma duk abin da ka haɗiya hanta ce za ta yi fama da shi, kuma hantar da ta riga ta durƙusa ba a ɗora mata kaya.

Yanzu ga ɓangarenku, 'yan makarantar jinya. Ni a da ina ɗauka aikin nas shi ne allura da canza ƙarin ruwa. Kwana tara suka canza min tunani.

Abin da na fi ganin tana yi shi ne huda yatsarsa tana auna suga, dare da rana, ba ƙaƙƙautawa. Na tambaye ta, ai ba ciwon suga gare shi ba. Ta ce hanta ce rumbun suga na jiki, in ta gaza suga yana iya faɗuwa mutum ya tafi a cikin barci, kowa na cewa ya samu hutu. Tana tashinsa ta tambaye shi sunansa, ina yake, yau wace rana. Ta sa ya miƙe hannuwa ya ɗaga tafi kamar mai tsayar da mota, in hannun yana kaɗawa kamar fiffike ta rubuta. Wannan ruɗewar da muka ce iska ce, dattin da hanta ta kasa tacewa ne, irin su amoniya, yake hawa ƙwaƙwalwa. Maganin da suke ba shi wani ruwa ne mai zaƙi, laktulos, don ya yi bayan gida sau biyu zuwa uku a rana dattin ya fita. Don haka har ƙirga bayan gidansa take yi, ta duba launinsa, domin in ya yi baƙi kamar kwalta jini ne ke zuba a ciki. Tana duba dasashi, tana duba inda aka sa allura ko jini ya ƙi tsayawa, tunda sinadaran daskarar da jini hanta ke yin su. Fitsarin da ya taru a jaka kowace awa sai ta auna, don hanta in ta faɗi takan ja ƙoda. Ranar da ya yi ta fizge-fizge, wani ɗan'uwanmu ya roƙe ta a yi masa allurar barci. Ta ce a'a, maganin barci a irin wannan hali zai iya tura shi inda ba za a iya tashinsa ba, kuma zai rufe musu alamar da suke bibiya.

Maganar allura kuwa, na tambaye ta kai tsaye. Ta yi murmushi ta ce, "Mutanenmu ba ƙarya suka yi gaba ɗaya ba. In jinin mutum ba ya daskarewa, mu ma ba ma yi masa allura a tsoka. Amma wannan hukuncin wanda ya auna jinin ne. Yawancin waɗanda aka ce allura ta kashe, an kawo su ne bayan an gama komai a gida."

Wani abu da ta ƙara min, wanda nake so ku riƙe. Ba kowane mai shawara a ɗakin nan ne ya shigo da ita ba. Wani haɗarin mota ya kawo shi, wata haihuwa ce, sai a kwana na huɗu ko biyar ido ya fara sauyawa. Yana iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga jini, ko jininsa ya taɓa faɗuwa sosai har hanta ta rasa isasshen jini, ko ledojin jinin da aka ƙara masa ne, ko ɗaya daga cikin magungunan da ake ba shi. Mai ciki ko mai jego da ke da hawan jini, in ta yi shawara ga ciwo a saman ciki, a kira likita a guje. Likita zagaye yake yi ya wuce, nas ce take tare da majiyyaci awa goma sha biyu, ita za ta fara gani. Kuma a baƙar fata ba a jira fata ta nuna. Farin ido ake dubawa, da ƙasan harshe, da dasashi, a hasken rana in da hali, don fitilar ɗaki tana ɓoye launin. Na sha ganinta da safe kafin ta miƙa aiki tana zuge labule ta buɗe idon kowa ɗaya bayan ɗaya.

Yayana ya farfaɗo a kwana na shida. Abin da ya fara tambaya wa ke shago.

Sai dai gwaji ya nuna farasitamol da jiƙo sun tarar da hantar da dama tana ɗauke da nau'in B ne, wataƙila tun yana jariri. Likita ya ce duk gidan a gwada. Mu bakwai muka je. Uku muka fito da ita: Umma, wata ƙanwarmu, da ni.

Wannan ne dalilin da ya sa nake ta kauce wa shirin nan. Yau shekara ɗaya da wani abu ke nan, bayan 'yan gidanmu da wadda zan aura babu wanda ya sani. Na ga yadda ake yi. Na ga an ware wa mutum kofi da cokali, an fasa aure, an ce zufarsa ma tana yaɗawa. Jama'a, ba a ɗaukar nau'in B ta cin abinci tare, ko musabaha, ko zufa. Ta jini take bi, da saduwa, da uwa zuwa jariri wajen haihuwa. Askar wanzami guda a kan mutum goma, reza ɗaya ta yankan farce, kaho, allurar da aka maimaita, a nan ya kamata tsoronmu ya koma. Babban binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita. Ku lissafa a majalisarku ta mutum goma sha biyu. Yawancinsu ba su sani ba, don tana iya shekara ashirin, talatin ba ta sa ido ya sauya ba.

Jihar Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024, ciwon hanta yana ciki, kuma ina goyon baya. Amma gwajin da ba a biyo shi da bayani ba raba mutane kawai zai yi. Akwai rigakafi, allura uku cikin wata shida. Wadda zan aura ta gwada ba ta da ita, ta yi allurarta ta gama. Ni kuma duk wata shida ina zuwa a duba ni, har yanzu ba a ce in fara magani ba. Yayana yana shan ƙwaya ɗaya kullum, tenofobir, ya koma kasuwarsa har ya yi ƙiba. Babba in ya kamu, fiye da kashi 90 cikin 100 jikinsu yana korar ta da kansa. Jariri kuwa akasin haka ne, kusan 9 cikin 10 za ta zauna musu. Shi ya sa allurar farko ake so a yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa, ba bayan suna ba.

Tunda na ambaci suna, bari in ƙarasa da wannan. Lokacin da ake wancan tashin hankali matar yayana tana da ciki. Da ta haihu, namiji, an yi masa allurarsa a ranar. Kwana uku da haihuwa na je barka, ɗaki duhu, an rufe taga, yaro an naɗe shi cikin zani uku, an rambaɗa masa kwalli. Na ce a ba ni shi in kai bakin ƙofa. Wata gwaggo ta ce, "Kai kuma tun da ka kwana a asibiti ka zama likita." Na danna goshinsa da yatsa na ɗaga, wurin ya yi ɗorawa. Na danna ƙirji, haka.

Jarirai da yawa suna yin wannan, kusan 6 cikin 10 na waɗanda suka cika wata tara, bakwaini kuma sun fi haka, kuma galibi yana wucewa. Matsalar ita ce yakan kai ƙololuwa ne tsakanin kwana na uku da na biyar, daidai lokacin da al'adarmu ta ce uwa da ɗa suna ɗaka sai ranar suna. In bilirubin ya yi yawa a jariri yana shiga ƙwaƙwalwa, ya bar yaro da kurumta ko sanƙarewar gaɓoɓi har abada. Wanda ya fito a ranar farko, ko ya sauka har tafin hannu da ƙafa, ko yaro ya ƙi kama nono, yana ta barci, yana wani kuka mai tsini, yana banƙarewa, asibiti a lokacin. Wanda ya wuce mako biyu, ga kashin yaro fari, shi ma haka. Ruwan gulukos ba ya yi, shanya yaro a rana tsirara kuma ƙuna da bushewar jiki zai jawo. A cire kafur daga akwatin kayan jariri, a bar sa masa lalle.

Namu kwana biyu ya yi a ƙarƙashin shuɗiyar fitila, an rufe masa ido, aka sallamo shi ana gobe suna. Ita wannan fitilar ma nas ce silarta. A 1956, a asibitin Rochford da ke Ingila, wata nas mai kula da bakwaini, Jean Ward, takan fita da su su sha iska. Sai ta lura wani jariri jikinsa ya washe, ban da wurin da gefen zani ya rufe, nan ya rage ɗorawa. Ta nuna wa likitoci, suka bi diddigi, a 1958 aka wallafa sakamakon.

Ranar sunan na nemi lambar nas ɗin nan ta dare in gaya mata, aka ce an yi mata canjin wurin aiki. In wani cikinku yana aiki da ita ya ji wannan labari ya gane ta, ya ce mata mai baƙar leda yana gaisuwa, kuma yayan nasa ya ce har yanzu tana bin sa atamfa.

Masu tambaya a kan inda ake gwaji da rigakafi, ku rubuta garinku a ƙasa, 'yan jinyar da ke cikinmu za su taimaka da amsa. Mako mai zuwa za mu koma maganar aiki. Sai mun haɗu.